Mai Sharar Rufin Gidan Saja

A gidan Saja Ebenezer, bayan kasuwar Zuru ta wajen hanyar Dabai, akwai ƙarti uku: shi Saja da kansa, tsohon soja mai cin fansho, da 'ya'yansa biyu, Prosper da Japhet. Amma in ka ji motsi a kan rufin gidan, ba ɗayansu ba ne. Saloma ce, ƙanwar Saja, 'yar shekara hamsin da takwas, wadda ta dawo gidan yayanta daga Manga bayan rasuwar mijinta. An ba ta ɗakin ƙarshe, wanda ba shi da silin. An kuma ba ta rufin.

Rufin na kwano ne, ya tsufa, gara ta ɗanɗana katakonsa. Akwai wani ƙaton mangwaro a tsakar gida da ke zuba masa ganye rani da damina. Ganyen yakan taru a kwarin da rufin falo ya haɗu da na ɗakuna. In ba a share ba, ruwa ya tsaya, ganye ya ruɓe, kwano ya yi tsatsa, sai ɗiga. Ban da wannan, Leah matar Saja a sama take shanya barkono da kuɓewa, domin a ƙasa awaki da kaji ba sa bari. Shanya kuwa sai an hau an baza da safe, an sake hawa an kwashe da yamma. Saboda haka hawan ba na shekara-shekara ba ne. Wani makon sai a yi shi sau goma.

Dalilin da ya sa Saloma ce ke hawa, kowa a gidan ya haddace shi.

"Ni in na taka kwanon nan, a tsakiyar falo za ku tsince ni," in ji Saja, yana shafa tumbinsa. "Ba tsoro ba ne. Na hau abin da ya fi wannan tsawo a Laberiya, ana harbi."

Prosper, wanda ke ɗaga ƙarfe kullum da safe yana jiran a ɗauke shi aikin soja shekara ta huɗu ke nan, yakan ce, "Ai ni yanzu na fi Baba nauyi. Duk tsoka ce, kuma tsoka ta fi kitse nauyi." Japhet ɗan acaɓa ne. Shi nasa dalilin gwiwa ce, tun wata faɗuwa da ya yi a hanyar Bena. Gwiwar ba ta taɓa hana shi buga ƙwallo ranar Asabar ba.

"Gwaggo kuwa kamar kyanwa take," in ji Japhet. "Kwanon ma bai san ta hau ba."

Saloma ba ta musu. Takan cire silifas ɗinta, ta ɗaure zani sama da gwiwa, ta soke tsintsiya a ƙugu. Abu ɗaya ta sani game da rufi, wanda marigayi mijinta ya koya mata: ba a taka kwano ko'ina sai inda kawunan ƙusa suka yi layi, domin a ƙarƙashin layin ne katako yake. Tsakanin layi da layi babu komai sai iska. Da wannan ilimin kaɗai ta yi shekara uku tana hawa tana sauka.

Kullum a jikin bangon ɗakinta ake jingina tsani, don nan ne ƙasa ta fi daidai. Ƙafar tsanin ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai an sa dutse.

"Yaya, ko wani zai riƙe mini?" takan ce.

"Prosper, riƙe wa gwaggonka tsani."

"Japhet, ka ji Baba."

"Ina zuwa."

Kafin Japhet ya zo, ta kai sama. Daga can takan hango su a inuwar mangwaro, su uku, sun sa rediyo a tsakiya.

A ranin bana Saloma ta fara ramewa. Da ma ba ta da jiki, amma wannan ramar daban ce. Ƙishirwa ba ta barin ta, fitsari kuma ba ya jira. Zanin da take zagayawa sau ɗaya da rabi ya koma sau biyu. Idanunta suka fara yi mata hazo, in ta sunkuya ta ɗago sai ta ga gidan yana juyawa. Wata ranar Talata ta je asibiti ita kaɗai, aka soki yatsanta, aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta lura da tabon ƙuna a tafin hannunta, ta tambayi dalili. Da ta ji zafin kwanon rufi ne, sai ta ajiye biro.

"Mama, ko kan kujera kada ki sake hawa. Ba ku da maza a gidan?"

Saloma ta ce akwai.

Da yamma ta sami yayanta yana cin gyaɗa, ta durƙusa gefe, ta faɗa masa yadda aka yi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

"Su 'yan asibiti haka suke," in ji Saja. "Ni ma sun ce in daina cin nama. Ga ni nan. In ka biye musu ko numfashi sai sun hana ka."

"Jiri nake ji, Yaya."

"In ya zo ki zauna, in ya wuce ki tashi. Haka muke yi a fareti."

Leah ta leƙo daga kicin da muciya a hannu. "Baban Prosper, ka tambaye ta barkonon da ke sama fa? Ko shi ma asibiti sun ce a bar wa raɓa?"

Saloma ta tashi ta cire silifas.

Da ramar ta ci gaba, sai ta zama abin wasa a gidan. Ba wanda ya ce a sake mata abinci, tuwon dawa da kunu mai sukari da kowa ke sha su ne nata. Amma kowa ya lura cewa ta ƙara dacewa da rufin. Japhet ya ce yanzu Gwaggo ko kan ƙwai ta yi tafiya ba zai fashe ba. Saja ya yi dariya har da tari. Leah kuwa da gaske take, ta ce wa wata maƙwabciya, "Kin ga ikon Allah. Rufin yana ƙara lalacewa, ita kuma tana ƙara sauƙi. Ubangiji ba ya barin gida haka nan."

Wata rana cikin watan Afrilu, hadari ya ɗan taso da tsakar rana, Leah ta ce a kwashe kuɓewa. Duk wanda ya san kwano ya san ba a hawansa da tsakar rana, domin a lokacin ko ƙwai aka fasa a kai zai soyu. Saloma ta hau. Tana cikin tattarawa jiri ya kama ta, ta zauna a kan buhun da ta hau da shi, ta rufe ido. Da ta buɗe, ta rarrafa zuwa baki, sai ta ga babu tsani. Japhet ya ɗauka ya kai wa wani abokinsa da ke gyaran wayar lantarki a layi na biyu.

Ta kira Leah. Leah tana ɗaki, fanka na juyawa. Ta kira Prosper, ya fita. Saja yana barcin rana, kuma a gidan ba a tashin Saja. Hadarin ya watse, rana ta dawo da ƙarfinta. Saloma ta zauna a kan buhu, ta naɗe ƙafafunta a cikin zani don kada su taɓa kwano, ta yi kusan awa biyu. Fitsari ya matse ta har ta kasa riƙewa. Ta ga yana gangarawa ta kwarin kwano, yana bushewa tun kafin ya kai baki.

Da Japhet ya dawo da tsanin a kafaɗa, ya ɗaga kai ya gan ta.

"Au, Gwaggo, kina sama? Ai da kin yi magana."

Ta sauko a hankali, tafin ƙafarta ya yi bororo. Leah ta karɓi buhun ta duba. "Rabinta ya ƙone. Me kike yi a can tun ɗazu?"

Washegari, a karo na farko, Saloma ta ce ba za ta hau ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a kira kafinta ya duba rufin, ya share kwarin, shanya kuma a yi mata rumfa a ƙasa.

Saja ya kashe rediyo. "Kafinta in ya hau, cewa zai yi a kware rufin duka. Na san su. Kuma mutane su ce me? Gidan Saja, da maza uku, an kira bare ya share ganye?"

"To ɗaya daga cikin mazan ya hau mana, Yaya."

Prosper ya duba damtsensa. Japhet ya shafa gwiwa.

"Saloma," in ji Saja a hankali, "da dangin mijinki suka ce ki kwashe kayanki, wa ya aika mota? Na taɓa ce miki ki yi noma? Na taɓa ce miki ki je kasuwa? Abu ɗaya tak kike yi a gidan nan. In ya yi miki yawa, ki faɗa mini a gaban yaran nan, in sani."

Kwana uku aka bar ta saboda ƙafar. Rana ta huɗu ta ɗaure tafin da tsumma ta hau.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba da azahar. Falon Saja ya yi ɗiga wuri huɗu, ɗaya daidai kan hotonsa na kaki. Da aka ɗauke, Saja ya tara 'ya'yansa ya ce shi ba zai zauna a gidan da ruwa ke dukan lambar girmansa ba.

A nan ne Prosper ya nuna basira. Kwanon gidan tun asali ba sabo aka saya ba, an ciro shi ne daga wani tsohon gini, don haka yana da ramukan ƙusoshin farko, jere a layi, inda babu katako a ƙasa. Da an toshe su da kwalta, amma rana ta cinye ta. Prosper ya ce ya gano maganin, kuma ba sai an hau ba. Washegari da yamma, lokacin da Saloma ta tafi zumuntar mata a coci, ya yanyanka tsohon silifas ƙanana-ƙanana, ya soka wa kowace ƙusa guda, ya tsoma a kwalta. Ya tsaya a matakin tsani na ƙarshe, Japhet na riƙe masa da hannu biyu, ya miƙa hannu iya tsawonsa yana cusa ƙusa a kowane rami. Daga kan ɗakin Saloma ya fara, yana matsar da tsani har ya kai falo. Da ya gama, sai ga sabon layin ƙusa, miƙaƙƙe, kyakkyawa, kamar kafinta ne ya buga.

"Ka ga aikin mai ilimi," in ji Saja. Aka yanka masa kankana.

Ba wanda ya gaya wa Saloma. Ba mugunta ce ta hana su ba. A shekara ukun nan babu wanda ya taɓa tambayar ta yadda take tafiya a can sama, don haka babu wanda ya san abin da layin ƙusa yake nufi a wurinta.

Da safe Leah ta ce iskar jiya ta cika kwarin da ganye, kuma ga hadari a gabas. Saloma ta sa dutse a ƙarƙashin tsani, ta hau. Ta kai baki, ta dafa, ta nemi layi da idanunta masu hazo. Ta gan shi nan kusa, ta ɗora ƙafar dama, ta saki nauyinta duka.

Kwanon ya yage kamar takarda. Ta ratsa ta cikinsa, ya tsage mata cinya, ta faɗa ɗakinta, ƙugunta ya bugi ƙarfen gado kafin ta kai siminti.

An kira mai ɗori. Ya taɓa, ya girgiza kai, ya ce ƙashin ƙugu ne, kuma irin wannan a shekarunta sai asibitin ƙashi. Saja ya ce ya ɗaura tukuna a gani. Ya ɗaura. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙasa, a ɗakin nan dai, ƙarƙashin ramin da ta faɗo. Ramin kuwa, Prosper ya tura masa tamfol da gora daga kan tsani, ya jefa tsohuwar tayar babur a kai.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa kuma ya sami bayani. Matan zumunta Leah ce ta tare su a ƙofa. "Mun sha hana ta. Kun san Saloma, ba ta iya zama. Har asibiti sun gaya mata, ta ƙi ji." Fasto ya zo, Saja ya ce masa shekara uku tana hawa ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba, wannan aikin Shaiɗan ne, a yi addu'a. Prosper ya gaya wa abokansa cewa shi gyara ya yi, kuma ɗigar falo ta ragu, kowa shaida ne. Japhet ya ce da ta jira shi da ya riƙe mata tsani.

Saloma tana jin su duka ta bango. In an tambaye ta, sai ta ce, "Da sauƙi."

Babu sauƙin. Ciwon cinyar ya ƙi warkewa saboda sugan, ya fara ruwa. Duk ranar da aka yi ruwan sama, tamfol ɗin yakan tara ya zubo ta gefe, sai Leah ta shigo ta ja tabarmar zuwa wani lungu, da Saloma a kai, tana cewa, "Ke ma dai kin zaɓi inda za ki faɗo." Mako biyar aka yi haka.

Ganye kuwa bai daina zuba ba, kuma yanzu babu mai sharewa. A mako na shida aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwarin ya toshe, ruwa ya koma ciki. Silin falo ya jiƙe ya kumbura, ya ɓallo a kan talabijin ɗin Saja. Kafin a gama ɗauke ruwan, Saja ya tura Japhet a kan babur ya ɗauko kafinta.

Lawwali sunansa, mutumin Argungu ne da ya daɗe a Zuru. Da ya sauko daga babur sai da babur ɗin ya ɗago. Ƙato ne, ya fi Prosper faɗi, ya fi Saja tumbi. Ya ce ba ya hawa jiƙaƙƙen kwano, a bari ya sha iska. Da ya bushe, ya duba tsanin, ya sa aka haƙa wa doguwar ƙafar rami har ya daidaita, ya ɗaure samansa da igiya. Ya leƙa rufin, ya zare ƙusa ɗaya da yatsa biyu, ya juya ta.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Prosper ya ce shi ne.

"Ƙusa babu katako? Kai, yaro, wanga ai tarko ne ka ɗana. Ko ni da ban duba ba sai in taka."

"Malam Lawwali," in ji Saja, "ina ganin rufin nan ba zai ɗauke ka ba. Mu ma abin da ya hana mu ke nan."

Lawwali ya dube shi, ya dubi tsakar gida. A gindin mangwaro akwai wani dogon falanki da aka ɗora a kan bulo biyu, Japhet na zaune a kai.

"Ɗan tashi, samari."

Ya ɗauki falankin, ya sa Prosper ya riƙe tsani, ya hau da shi. Ya kwantar da shi a kan rufin, ya ratsa katako uku, ya taka. Ko ƙara kwanon bai yi ba. In ya kai ƙarshe sai ya tsaya a layin ƙusa na gaskiya, ya ja falankin gaba, ya sake takawa. Kafin shayin da aka ɗora masa ya tafasa ya share kwarin tas, ya tura ganyen ƙasa.

Sannan ya zo kan ɗakin ƙarshe ya yaye tamfol. Haske ya faɗa ciki. Ya leƙa, sai ya ga tsohuwa kwance a tabarma tana kallonsa.

"Subhanallahi. Sannu, Inna. Ke ce kika faɗo ta nan?"

"Ni ce." Ta daɗe tana dubansa, da faɗin kafaɗarsa da ya kusa toshe ramin. "Malam, kai kam nauyinka ya kai nawa?"

Ya yi 'yar dariya. "Ni? Na fi buhun dawa, Inna. Masu acaɓa ba su son ganina."

"Kuma bai karye ba."

"Mi zai karya shi? Ai in an sa falanki, nauyi rabuwa yake yi. Kowa na iya hawa. Wa ya bar ki kika hau babu shi?"

Saloma ta juya fuskarta bango.

Saja yana tsaye a ƙofar ɗakin, ya ji komai. Ya gyara murya ya ce wa Leah, yadda kowa zai ji, "Ai shi sana'arsa ce. Kowa da abin da Allah ya ba shi."

Lawwali ya sa sabon kwano guda biyu a wurin, ya ciccire ƙusoshin Prosper ya toshe ramukan da kwalta, ya sauko. Aikin duka bai kai daga azahar zuwa la'asar ba.

Saloma ba ta sake takawa ba. Da aka kai ta asibitin daga baya, an ce ƙashin ya haɗe a karkace, kuma an makara. Tana nan a ɗakin ƙarshe, rufinta ba ya ɗiga yanzu. Barkonon Leah a kan rumfa ake shanya shi, wadda Japhet ya kafa cikin yini ɗaya, da gwiwar tasa.

A ranar da Lawwali ya tafi, Prosper ne ya karɓi falankin, ya kakkaɓe masa tsatsa, ya mayar da shi kan bulonsa. Kafin rana ta faɗi su ukun sun koma sun zauna a kai, Saja a tsakiya, an kunna rediyo. Ya ɗauke su duka, ko lanƙwasawa bai yi ba.